Hannun Hagun Wendell

Demopolis, Alabama
21 ga Afrilu, 1997

Dell nawa,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fata sanyin arewa ya sake ku haka nan, kuma gwiwar nan ba ta matsa maka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama Dessa ta fara kamewa. Nas ta ce in dai za ta rabu da zaƙi, gyambon zai rufe kafin zafi ya kankama. Na ce sai dai ta gaya mata da bakinta, don shekaranjiya na kama mahaifiyarka da yankan kek a aljihun riga.

Na san za ka ce me ya hana in jira ka bugo ranar Lahadi. Minti biyar a tarho, Mama na tsaye a kaina tana jiran rabonta, me mutum zai faɗa? Kuma ka yi mini alkawarin wasiƙu tun kafin aurenmu, ban yafe ba.

Ranar Asabar mun wuni gaban talabijin muna kallon zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon Amurka daga jami'o'i. Maƙwabcinmu Mista Cleophus Purifoy ya shigo da kujerarsa ba wanda ya gayyace shi. Da yake wasa uku kacal kuka ci bara, ƙungiyarku ta samu zaɓe da wuri. Da suka ɗauki yaron nan mai jefa ƙwallo har tafi muka yi. Sai aka zo zagaye na biyu, aka kira wani Darrius Mabry, aka nuno shi yana kuka a kafaɗar uwarsa, ƙato kamar ƙofar gareji.

Mama ta ce, "Wane wuri yake bugawa?"

Mista Purifoy ya ce, "Layin gaba, Dessa, masu kare mai jefa ƙwallo. Gefen hagu."

"Ai wurin Wendell ke nan."

"Shi ya sa na so ki zauna kafin in faɗa."

"Rufe mini baki, Cleophus. Kai da ko kaza ba ka taɓa tarewa ba."

Ya tafi da kujerarsa, amma maganar ta zauna. Mama ba ta ci abincin yamma ba.

Ni kuwa na tuna abin da ka gaya mini a watan Maris, ranar da sabon manajanku Mista Lindqvist ya rage maka kashi ɗaya cikin uku na albashi. Ka ce ya riƙe hannunka ya ce yana gina sabon gida ne, kuma kai ne ginshiƙin da yara za su jingina da shi. To ga yaran sun fara zuwa. Wa ke gina gida ya cire ginshiƙi? Littafin da nake karantawa yanzu, wanda na saya kwatan dala a gwanjon coci, labarin wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ne da aka haɗa shi da samari marasa kunya. Duk suna masa dariya sai ranar da guguwa ta taso. Ina karantawa ina ganin fuskarka.

Ka gaya mini gaskiya, haka ne ko ba haka ba?

Taka,
Risse

*

2 ga Mayu

Risse,

Na samu wasiƙarki. Lafiyata lau, gwiwa na nan yadda kika san ta. Ki gaishe da Mama, ki ce na ce in ta sake ɓoye kek ni da ita ne.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Ga ta.

Hukumar gasa ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe kan 'yan wasa a shekara. Ba mai wuce ta ko da dala ɗaya, ko mai ƙungiyar yana wanka da kuɗi. Tukunya ɗaya ce, baki hamsin da uku. Tsohon manaja ya cika ta da mu tsofaffi masu tsada, muka ci masa wasa uku. Lindqvist yana kwashe mu ɗaya bayan ɗaya. Da abin da ya rara ya sayo ƙatti biyu daga wasu ƙungiyoyi, sauran wuraren zai cike su da yara masu arha. Abin da nake ci, ko bayan ragin, ya ishi huɗu daga cikin 'yan zagayen ƙarshe. Ba mugu ba ne mutumin. Yana da allo a ofishinsa, kowa da sunansa, kowa da lambar kuɗinsa a gefe. Bai taɓa ɗaga murya ba.

Kin san Luther Gaines, shekara tara muna kafaɗa da kafaɗa ni da shi. Ranar da suka sallame shi, an cire sunansa daga akwatin kayansa tun bai kai mota ba. Yanzu akwatin na Mabry ne, kusa da nawa.

Yaron ya iso jiya. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Yallaɓai, ina aji shida na fara kallon wasanka." Ɗakin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Tun daga nan sunana Kaka. "Kaka, a kawo maka sanda?" "Kaka, da fata kuke yin kwalkwali a zamaninku?" Na ce musu sandar da za ta ɗauke ni ba a sare ta ba tukuna.

Yana da ƙarfi, Risse. Abin da ba shi da shi ƙafa ne. Yana tsayawa da nauyinsa kan yatsu, duk wanda ya ja shi zai kifa. Koci ya ce in gyara masa. To kin ji aikin ginshiƙi. In na koya masa da kyau, ya karɓe wurina. In na ƙi, na zama tsoho mai tsada kuma mara amfani. Na nuna masa inda zai ajiye diddige. Haka wani ya nuna mini.

Wurin nawa ne har sai an ƙwace. Ki gaya wa Purifoy haka. Ina nan tafe tsakiyar Yuni, ki tanadi tarwaɗa da burodin masara.

Yaya aka yi da tsohon matuƙin? Ya kai gaci?

Dell

*

Demopolis
24 ga Yuli

Dell nawa,

Ina gaishe ka, ina fata ka isa sansanin atisaye lafiya, kuma wannan karon sun ba ka gadon da ƙafarka ba ta leƙowa. Mama na samun sauƙi, har ta taka zuwa akwatin wasiƙa da kanta. Ta ce in tambaye ka ko suna ba ku abincin mutane.

Kwana biyar ke nan da tafiyarka, gidan ya yi girma. Wata ɗaya da ka yi ya wuce kamar ban rufe ido ba. Har yanzu ban wanke kofin da ka sha shayi mai ƙanƙara a baranda ba. Mama ta ce wannan ƙazanta ce ba soyayya ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ranar da za ka tafi, ka daɗe tsaye ƙarƙashin bishiyar nan ta bayan gida kana kallon filin da mahaifinka ya bari, kamar mai auna shi. Na tambaye ka, ka ce ba komai. Shekara uku da aurenmu ban taɓa ganin ka tafi sansani ba ka ɗoki ba. Da kai ke tashin kowa, kana waƙa a banɗaki da muryar nan taka da ke korar karnuka.

Na lissafa yadda ka koya mini. Ku tamanin ne yanzu, za a rage ku zuwa sittin, sannan hamsin da uku a ƙarshen Agusta. Na rubuta ranakun a jikin firij. Fasto ya sa sunanka a addu'ar Laraba, kuma yaran makarantar Lahadi sun tambaye ni ko bana ma za ka aiko musu da hotuna.

Tsohon matuƙin ya kai gaci. Ya ɗaure kansa a jikin sitiyari da igiya har gari ya waye. Na yi kuka sosai, Mama ta ce in ba ni da aikin yi akwai wake da ke jiran gyara.

Taka har kullum,
Risse

*

3 ga Agusta

Risse,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ki yi haƙuri ban bugo ba ranar Lahadi. Tarho ɗaya ne a benenmu, mutum ashirin a layi, kowa na sauraren abin da kake gaya wa matarka. Na ji daɗin labarin ƙafar Mama.

Sau biyu muke fita kullum, safe da la'asar, cikin cikakken kaya. Zafi kamar na gida. Ni ke fita da rukunin farko har yanzu, amma sun fara raba mana: ni zagaye uku, Mabry biyu. Makon jiya huɗu da ɗaya ne. Lindqvist na tsayawa can saman hasumiya da hularsa, yana rubutu. Ba wanda ya san abin da yake rubutawa, kowa na ji a jikinsa.

Ranar Talata na yi karo da ɗaya daga cikin ƙattin da aka sayo, kaina ya karkata, wuta ta bi mini daga wuya har yatsun hagu. Kin san irinta, kin sha jin ina faɗa, minti biyu ta wuce. Wannan ta ɗan daɗe.

Akwai ɗakin magani a ƙasa. Duk wanda ya shiga, sunansa na hawa wata takarda da ake kai wa Lindqvist da safe tare da kofinsa. Sai a ba ka jar riga ka tsaya gefen fili kana kallo. Tsofaffi suna cewa ba a samun gurbi daga kan gadon likita. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu zai iya sa jar riga mako guda, sun riga sun zuba kuɗi a kansa. Ɗan talatin da ɗaya in ya sa ta kwana uku, ranar da ya cire zai tarar da wani a wurinsa. Ina sayen ƙanƙara daga injin lemo in kai ɗaki.

Jiya Mabry ya tare mutumin da ya buge ni, tsaf, bai ko motsa ba. Ya juyo yana nemana da ido kamar ɗan da ya kawo sakamako gida. Na ɗaga masa babban yatsa.

In tambaye ki wani abu. In wata rana kika ji mota a ƙofar gida tun ba a fara gasa ba, kika leƙo kika gan ni da jaka, me za ki ce? Me za ki gaya wa mutanen coci? Ba wani abu ba ne. Tambaya ce kawai.

Dell

*

Demopolis
8 ga Agusta

Wendell Pettway,

Ina gaishe ka. Mu lafiya. Mama ta gaishe ka. Na gama gaisuwa, don yau akwai magana.

Sau huɗu na karanta wasiƙarka. Na gane abin da ke damunka, kuma tun ƙarƙashin bishiya na fara ganewa. Sun shiga kanka. Yara sun kira ka Kaka har ka fara yarda. Wani mutum mai hula ya hau hasumiya yana rubutu, kai kuma ka fara haɗa jaka a zuciyarka.

Ka tambaye ni me zan ce. Zan ce wannan ba mijina ba ne. Mijina shi ne yaron da ba wanda ya kira sunansa sai zagaye na tara, ya tafi arewa da wando biyu, ya kori wanda aka ɗauka a zagaye na biyu. Kai ka ba ni labarin, a motarka, a bakin kogi, ranar da na san zan aure ka. Mijina ya buga wasa shida da karyayyen yatsa an ɗaure shi da na kusa da shi. In za su karɓi wurinka, su karɓa kana tsaye a ciki. Kada ka miƙa musu da hannunka.

Ban karanta wa Mama tambayarka ba. Na dai ce mata kana jin gajiya. Ta ce, "Ubansa shekara talatin a injin katako, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ki gaya masa ya ci abinci."

Wutar nan ta wuya, ka riƙa sa tawul mai ɗumi bayan ƙanƙarar, kamar yadda na yi maka bara. Ka ce tana wucewa, za ta wuce.

Ka tuna shekarar farko da aurenmu, da ka ce wasiƙata ce ta fitar da kai daga sansanin nan da rai? To ga wata. Ka ajiye ta inda za ka riƙa ganinta. Saura kwana goma sha shida, Dell. Ka ɗaure kanka a sitiyari. Ba na son jin mota a ƙofar gidan nan sai Janairu. Ranar nan zan fito da rigar nan mai ruwan goro in tsaya a baranda, duk unguwa su gani.

Ina sonka fiye da yadda takarda za ta ɗauka.

Risse

*

Demopolis
22 ga Agusta

Dell,

Ina fata kana lafiya. Ban sani ba ko kana lafiya. Mako biyu ba wasiƙa, ba waya. Sau shida na buga, wani ya ce kun tashi daga kwalejin da kuke sansani kun koma otal a birni, a otal kuma aka ce za a ba ka saƙo. Mama lafiyarta lau, ni ce ba lafiya.

Jiya Mista Purifoy ya juya farantinsa na tauraron ɗan Adam har ya kamo wasan gwajinku. Na ga sunanka a rukunin farko, na yi ihu. Sai kyamara ta tsaya a kanku kuna shirin komawa layi. Maɗaurin kwalkwalinka na gefen hagu ya kwance. Na ga ka zagayo da hannun dama ta ƙarƙashin haɓa kana lalubensa, na hagun na rataye a gefenka kamar na aro. Sau biyu ka gwada. Mabry ne ya maɓalle maka.

Mista Purifoy bai yi ba'a ba. Ya tashi ya rage muryar talabijin ya ce, "'Yata, ko kina da lambar wata daga cikin matan abokansa?"

Na kira Vernice, matar Luther. Na karanta mata wasiƙarka, ta sa na maimaita wurin da ka ce ta ɗan daɗe. Ta ce, "Yarinya, su ba sa cewa ciwo. In ɗayansu ya ce abu ya ɗan daɗe, ki ɗauki makullin mota." Ta tambaye ni me na amsa maka. Na kasa gaya mata.

Ta ce ranar da za a sallami mutum likitan ƙungiya na duba shi, a ba shi takarda ya sa hannu cewa ya fita lafiya. In ka ce kana da rauni, dole su yi maka magani su biya ka har ka warke. In ka sa hannu, sun wanke hannunsu. Luther ya sa, da bayansa a lalace, don kada sauran ƙungiyoyi su ji. Yanzu Vernice ke ɗaure masa takalmi.

Na san ka san wannan duka. Ni ce ban sani ba.

Ka sauka ɗakin maganin nan yau. Ka sa jar rigar. In sun kira ka ranar Lahadi, kada ka sa hannu a komai. Ka yaga waccan wasiƙar tawa. Zan kai wannan gidan waya da kaina in biya kuɗin gaggawa.

Ka kira ni, ko Mama na tsaye.

Risse

*

10 ga Satumba

Risse,

Gaisuwa. Ki gaishe da Mama. Ba zan ce ina lafiya ba, tunda kin gani.

Wasiƙarki ta gaggawa ta je ofishin ƙungiya ranar Litinin. Sun sallame ni ranar Lahadi. Sai da ta yi yawo kafin ta same ni nan. Ban kira ba don za ki ji a muryata, ni kuma ban shirya ba.

Ƙarfe bakwai na safe aka ƙwanƙwasa. Akwai mutumin da aikinsa ke nan, ba ya kallon idonka. Ya ce, "Koci na son ganinka. Ka zo da littafin dabarun wasa." Lindqvist na wurin. Ya ce na buga sansani mafi kyau a shekaru uku, kuma abin da na yi wa Mabry ba zai manta ba. Ya ce ba wasana ba ne, lissafi ne. In sun bar ni na kai wasan farko, doka ta sa sai sun biya ni albashin shekara cif, su kuma suna buƙatar kuɗin don ɗauko mai tsaron baya. Na ce na gane. Na gane ɗin kuwa. Minti shida.

Daga nan sai wurin likita. Ya ce, "Akwai abin da ke damunka, Wendell?" Na ce babu. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ina da ido. Zan sake tambaya, kuma zan rubuta abin da ka faɗa." Ban taɓa shiga ɗakinsa ba duk sansanin, ba layi ɗaya a fayil ɗina. In na ce wuya, kafin la'asar duk manajojin gasar sun ji Pettway ya gama. In na yi shiru, wani zai ji ciwo a wata ƙungiya cikin makon farko, a nemi tsoho da ya san aiki. Haka ake yi. Wasiƙarki ta 8 ga Agusta tana aljihuna, ita nake karantawa kowace safiya kafin in iya sa kwalkwali. Na ce masa babu. Na sa hannu.

Kiran ya zo kuwa. Ranar Talata ta sama wata ƙungiya ta turo mini tikiti. Ban ko taka fili ba. Likitansu ya ce in rufe ido, ya soka mini allura a yatsu. Uku ban ji ba. Suka sa ni cikin injin hoto. Wani abu tsakanin ƙasusuwan wuya ya fashe yana danne jijiya. Ya ce, "Wa ya bar ka ka buga wasa uku a haka?" Na ce ni. Ya ce karo ɗaya in ya zo a karkace, sai keken guragu. Ana iya yin tiyata, amma bai yi mini alkawarin yatsun ba, an daɗe.

Wakilina ya kira su Lindqvist. Suka turo masa takardar da sa hannuna. Ya ce za mu iya kai ƙara, zai ɗauki shekara ko fiye, kuma in na tambaye shi tsakani da Allah ba ya ganin nasara.

Na dawo inda motata take. Ina wani ƙaramin otal kusa da filin jirgi, ɗaki na 14, adireshin na bayan ambulan. A nan na kalli wasan farko, tun kafin kiran. Mun ci, Risse. Su sun ci. Yaron na ajiye diddige daidai.

Kwana takwas ke nan ina cewa gobe zan kama hanya. Ina sa jaka a mota in sake fito da ita. Jiya maɓallin riga ya gagare ni, na sayi masu shiga ta kai. Tun ina shekara sha huɗu duk wanda ya gan ni a Demopolis abu ɗaya yake tambayata, wasa. Ban san yadda ake shiga garin nan a watan Satumba ba.

Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Dell

*

Demopolis
15 ga Satumba

Dell,

Ina gaishe ka. Mama lafiya, gyambon ya rufe.

Na gaya mata. Ka yi haƙuri, ba zan iya zama da ita teburi ɗaya da wannan a cikina ba. Na karanta mata duka, har da tambayarka ta Agusta da amsar da na ba ka. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ni na ce a gaya masa ya ci abinci." Ta tashi ta shiga ɗakinka na da, na ji tana canja zanin gado.

Da na kai wurin da ka ce wasiƙata na aljihunka, na ajiye takardar na fita bayan gida. Na ɗauka kana nuna mini abin da na yi ne. Na sake karantawa da safe, na ga godiya kake yi. Wannan ya fi zafi. Ka tambaye ni ko akwai wurinka a gida, na ce maka sai Janairu. Ba zan nemi ka ce ba laifina ba ne, don za ka ce, kuma ba zan yarda ba. Kai ka riƙe biron. Ni ma na san inda hannuna yake.

Vernice ta ba ni sunan likitan wuya a Birmingham. Na kira, ya ba mu 29 ga wata. Ka zo da hotunan da suka ɗauka. Na kira wakilinka ma, na ce ya shigar da ƙarar kafin lokacinta ya wuce, ko za mu faɗi. Ya ce sai ya ji daga bakinka. Zai ji.

Jiya a coci Fasto ya tambaye ni yaya gwarzonmu. Na ce an sallame ka, ka ji ciwo a wuya, kana dawowa gida. A gaban kowa na faɗa, a bakin ƙofa. Wata ta ce ayya, wani ya tambaya ko za ka iya duba masa injin yankan ciyawa. Ƙasa ba ta tsage ba. An riga an ji, ba sauran wanda za ka yi wa bayani.

Ba na son ka tuƙa mil dubu da hannu ɗaya. Na sayi tikitin bas. Mista Purifoy zai kai ni tasha ranar Laraba, matarsa za ta kwana da Mama. Ya ce in gaya maka har yanzu bai ga wanda ya kai ka ba, kuma in ka faɗa wa wani ya ce haka zai ƙaryata. Zan iso ranar Alhamis wajen azahar. In wannan takardar ta riga ni, to. In na riga ta, ka karanta a hanya, ni ke tuƙi.

Ɗaki na 14. Ka zauna a ciki. Kada ka ɗaga jakar nan, ni zan kai ta mota.

Risse